Darasi: Kula da Furen Okid a Cikin Ɗaki

Okid ɗin da aka fi ajiyewa a ɗaki shi ne Falanofsis. Asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Indunisiya da Filifin, kuma a shekarar 1825 wani masanin tsirrai mai suna Blume ya raɗa masa wannan suna. A can daji ba a ƙasa yake tsirowa ba. Jikin bishiya yake maƙalewa kamar kauci, sai dai shi ba ya tsotsar bishiyar. Saiwoyinsa a fili suke, ruwan sama ya jiƙa su, iska ta busar.

Wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin. Kada ku zuba masa ƙasa, ko da ta lambu ce mai kyau, domin saiwar za ta rasa iska ta ruɓe. Ku sa shi cikin gutsattsarin ɓawon itace ko na kwakwa, a haɗa da ɗan gawayi. Tukunyar ta kasance da huji a gindi. Ta roba wadda ake hango cikinta ta fi, don ku riƙa ganin saiwa.

Yawan ruwa ne ya fi kashe wannan fure, kuma galibi masu ƙaunarsa ne ke yin hakan. Kafin ku ba shi ruwa, ku duba saiwar. In ta yi kore shar, a ƙoshe take, ku ƙyale ta. In ta koma fari-fari kamar azurfa, lokaci ya yi. Ku kwarara ruwa da safe har ya fito ta ƙasa, ku bari ya tsane sarai. Sau ɗaya a mako yakan isa, amma da zafin bazara sai an ƙara. In ruwa ya kwanta a tsakiyar ganye, inda sabo ke fitowa, ku tsane shi da ƙyalle nan take. In ba haka ba wurin zai iya ruɓewa, ruɓewar nan kuwa takan kashe shi. Saiwar da ta yi baƙi ta yi laushi kuwa ta mutu, a yanke ta da almakashi mai tsabta.

Ku ajiye shi kusa da tagar gabas, bayan labule marar kauri. Ranar tsaka tana ƙona ganyensa. Yana jin daɗin ɗumi tsakanin digiri 18 zuwa 29 a ma'aunin Salsiyas.

Iskar hunturu tana busar da shi. Don ya samu danshi, ku zuba tsakuwa da ruwa a faranti, ku ɗora tukunyar a kai, ba tare da gindinta ya taɓa ruwan ba. Amma sanyin dare na 'yan makonni yana taimaka masa ya fitar da sabon karan fure, furen kuma yakan kai wata biyu zuwa uku. In ya zube kada ku yar da tukunyar. Ku yanke karan a saman wata gaɓa, ku ci gaba da kula.

Aikin gida: ku duba saiwar okid ɗinku, ku rubuta launinta kafin ban ruwa da kuma bayansa.