Yadda zaka kama kifi da fatsa a tafkin Mosquito lokacin sanyi

Wannan tafkin ruwan gishiri yana gabar gabashin Florida a Amurka, ruwan baida zurfi, wani wajen ko gwiwa bai kaiwa.

Da farko ka yanki lasisi, kar ka shiga ruwa babu shi.

Na biyu, kar ka yi sammako. Daga Disamba zuwa Fabrairu kifin yana lafewa ne da safe, ka bari sai hantsi ya dubi ludayi sannan ka nufi inda ƙasan ruwan yake da baƙin taɓo, don nan ne ke fara ɗumi.

In ka iso ka kashe inji ka dinga tura kwale-kwalen da gora a hankali, saboda ruwan sanyi garai-garai yake, yadda kake hango kifin haka shima yake hangoka, ko inuwarka ta faɗa kansa ya tafi kenan.

Ka soka jatan lande a ƙugiya, ka jefa ɗan gaba da kifin ba kansa ba, sai ka ja kaɗan kaɗan.

In wani kifi mai launin ja da ake kira redfish ne ya kama, jiƙa hannunka ka cire ƙugiyar ka maidashi ruwa nan take, tun 2022 doka ta hana tafiya dashi a yankin.