Yadda Ake Zaƙulo Maƙalun Mujallu a Rumbunan Bayanai na Laburare

Kafin ka zauna gaban kwamfuta, fara zuwa sashen intanet na laburaren makarantarku ka nemi jerin rumbunan bayanai, wato shafukan intanet da ke tattara maƙalun mujallu, waɗanda aka biya wa kuɗi. Da yawansu ta intanet ɗin makaranta suke gane mai shiga. Idan ka buɗe su daga gida da datar waya, tsakure kawai za ka gani, sannan a nemi daloli kafin a ba ka cikakkiyar maƙala. Tambayi ma'aikacin laburare ko akwai sunan shiga da kalmar sirri na aiki daga waje.

Kowane rumbu da abin da ya fi ƙwarewa a kai. JSTOR ya fi ƙarfi a tarihi, harshe, adabi da zamantakewa, amma mujallu da dama ba sa sakin sabbin fitowarsu a can sai bayan shekara 3 zuwa 5, don haka kada ka dogara da shi kaɗai wajen neman aikin bana. PubMed na likitanci ne, ERIC na fannin ilimi, kuma bincike a cikinsu kyauta ne. AJOL ya tattara mujallun Afirka, ciki har da na jami'o'in Najeriya. Hinari na lafiya da AGORA na noma suna ƙarƙashin Research4Life, shirin da ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu tasowa mujallu, kuma makaranta ce ke yin rajista, ba ɗalibi ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne akwatin bincike. Rumbu ba ya fahimtar jimla, kalmomi yake dubawa. Wanda ya zuba taken kundinsa gaba ɗaya, ko dai ya tashi hannu rabbana, ko a jibgo masa dubban abubuwan da ba ruwansa da su. Raba batunka gida biyu ko uku, ka buɗe shafin Advanced Search, ka ba kowane gida layinsa. A ce kana nazarin lafiyar almajirai a Kano. Layin farko: almajiri OR tsangaya OR "Qur'anic school". Na biyu: health OR nutrition. Na uku: Kano. Tsakanin layukan ka zaɓi AND. OR yana faɗaɗa sakamako, AND yana matse shi, alamar zance kuma tana sa a nemo kalmomin a jere kamar yadda ka rubuta su. Rubuta AND da OR da manyan baƙaƙe.

Alamar tauraro tana kamo duk ƙarshen da kalma za ta iya ɗauka: almajir* zai kawo almajiri, almajirai da almajirci. Sai dai a yi hattara. Niger* zai haɗa maka Nijar da Najeriya wuri guda, a PubMed kuwa kalmar Niger kaɗai tana jawo tulin maƙalu kan wata fumfuna mai suna Aspergillus niger. Ƙara Niamey, Maradi ko Zinder, ko ka cire ta da NOT Aspergillus. Haka rubutun suna: masu rubutu da Faransanci Haoussa suke rubutawa, kuma abin da wani ya kira Zaria, wani Zazzau ya ce.

Idan sakamakon ya kai dubbai, taƙaita binciken ga take da tsakure, ka sa iyakar shekaru, ka zaɓi maƙalun da masana suka tantance inda rumbun ya ba da wannan zaɓi. Idan bai wuce biyar ba, cire layi ɗaya. Maƙala guda mai kyau ta fi shafi goma na sakamako amfani: ɗauki kalmomin da aka jera ƙarƙashin tsakurenta ka sake bincike da su, bi manazartarta ka ga na baya, sannan ka sa takenta a Google Scholar ka danna Cited by ka ga waɗanda suka ambace ta daga baya.

Da ka sauke maƙala, nan take rubuta sunan marubuci, shekara, mujalla, juzu'i, fitowa, shafuka da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, wadda kullum take farawa da 10. Manhajar Zotero kyauta ce, tana kwashe waɗannan da kanta, amma ka duba, domin takan yi kuskure a sunaye. Maƙalar da ta ƙi buɗuwa kuwa, nemi takenta a ma'ajiyar intanet ta jami'ar marubucin, ko ka aika masa gajeren imel ka roƙi kwafe.