Daga kanti zuwa majalisar jiha: ta ina za ka fara?

Ni ɗan kasuwa ne a Katsina, na kuma yi wa 'yan takara yawon kamfe, don haka da mai shago ɗan'uwana nake magana. Alhaji, kana da abin da wasu ke saye da kuɗi: unguwa ta san fuskarka, kai ma ka san gidan da aka ɗora tukunya da wanda ba a ɗora ba.

Fara da takardu. Sashe na 106 na tsarin mulkin 1999 ya ce sai ɗan Najeriya mai karatun sakandare ko makamancinsa, wanda jam'iyya ta tsayar. Shekaru a da 30 ne, suka koma 25 bayan gyaran da Buhari ya sa wa hannu a 2018. Ka duba sunanka a kowace takarda, harafi-harafi. In nan Sani ne can Sanusi, ka ba abokin hamayya abin zuwa kotu.

Sai katin jam'iyya a mazaɓarka. Kujeru 34 ne a majalisar Katsina, kuma tun a zaɓen fidda gwani ake kayar da mafi yawan masu nema. Ka saba da shugabannin mazaɓu tun kana ba ka neman komai wurinsu. Suna, ɗaurin aure, jana'iza, kada a neme ka a rasa.

To, ga inda nake so ka tsaya da kyau. Ranar da fostarka ta hau bango, littafin bashinka ya mutu. Wanda ya karɓi buhun shinkafa zai ce ai Honorabul ba ya bin talaka bashi, kai kuma kunya ta hana ka aika yaro. Saboda haka ka karɓi abin da zai karɓu kafin ka furta wa kowa niyyarka, sauran ka yafe da bakinka, ka samu lada da suna. Jarin shago kuwa ka ɗaure shi. Ka ware kuɗin siyasa daban, wanda ko ya ƙone ba zai hana ka sarin kaya daga Kano ba. A 2022, dokar zaɓe ta wancan lokacin ta ƙayyade naira miliyan 30 a matsayin iyakar abin da mai neman wannan kujera zai kashe a kamfe, amma a ganina iyakarka ta gaskiya ita ce aljihunka. Na ga kantin da ya cika har ƙofa ya koma kwalaye kafin a ƙirga ƙuri'a.

Ka damƙa shagon ga ƙane ko yaron da ka yarda da shi, a rubuta kayan da ke ciki a gaban shaidu, kuma magoya baya su daina zama a bakinsa suna shan lemo.

In Allah ya ba ka, sai ka bayyana kadarorinka kafin a rantsar da kai, kuma doka ta ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Wa'adin shekara 4 ne, don haka kada ka saki hayar shagon.