Yadda Ake Zaɓen Katin Girafik Mai Sauƙin Kuɗi Don Kwamfutar Wasa

Kafin ka tambayi farashin kowane katin girafik, wato na'urar da ke sarrafa hoton da kwamfuta ke nunawa a allo, ka fara tabbatarwa cewa wanda ke cikin kwamfutarka ne ya gaza. Kunna wasan da ya fi ba ta wahala, ka bar manhajar MSI Afterburner ko Task Manager na Windows a buɗe, ka ga yawan aikin da katin ke yi. Idan ya tsaya a kashi 95 zuwa 100 amma hoto na cijewa, to shi ne, canza shi zai yi maka rana. Idan kuwa yana yawo a kashi 50 ko 60 kuma wasan na sarƙewa, ka zargi firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ko ƙarancin RAM, ma'adanar da take aiki da ita, sabon kati ba zai raba ka da wannan ba. Gara ka ɓata rabin awa a nan da ka zubar da kuɗin da ka daɗe kana tarawa.

Daga nan sai ka kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta, ka buɗe murfin gefe. Rabin zaɓin a cikin akwatin nan ake yin sa. Nemi na'urar da ke raba wuta, wadda ake kira PSU. A jikinta akwai takarda manne, galibi ƙura ta rufe ta, sai ka goge da yatsa ka haska da fitilar waya. Karanta jimillar wat ɗin, sannan ka duba layin da aka rubuta +12V, domin daga nan kati da firosesa suke sha. Sai ka bi wayoyin da suka fito daga cikinta, ka nemi mai kai da ramuka 6 ko 8. Gurbin PCIe da ake soka kati yana ba da wat 75 ne kawai. Mai rami 6 tana ƙara 75, mai rami 8 tana ƙara 150. Kwatanta da abin da katunan ke ci: RTX 4060 wat 115, RX 6600 wat 132, RX 7600 wat 165, RTX 3060 wat 170, Arc B580 na Intel kuma 190. PSU mai wat 550 na kamfanin da aka sani ya ishi huɗun farko, na ƙarshen kuwa ka nemi 600.

Idan kwamfutar ofis ce ka mayar ta wasa, mai yiwuwa ba za ka ga wannan waya ba sam. To ka tsaya kan katin da gurbin kaɗai ke ciyar da shi, irin RTX 3050 mai 6GB ko wasu samfuran GTX 1650, kuma ka duba hoton katin da kyau ka tabbatar babu wurin soka waya a jikinsa. Don Allah kada ka yi dabarar jona kati da mahaɗin da ke jawo wuta daga wayar SATA, wadda ke kai wa hadis wuta. Wat 54 aka yi ta ta ɗauka, in aka ɗora mata fiye da haka zafi take yi har ta narke.

Tun da murfin a buɗe yake, ɗauko rula ka auna daga bayan akwatin zuwa abin da ya fara tare hanya a gaba. Na taɓa kawo kati gida ina ta murna, ina sa shi bakinsa ya tokare kejin hadis da abin da bai fi faɗin yatsa ba. Har yau ina jin zafin ranar. Tsawon kowane kati yana rubuce a shafin kamfaninsa da milimita.

Yanzu ka dubi allonka. Mai allon 1080p da ke sabunta hoto sau 60 a sakan ba shi da buƙatar katin da ke fitar da hotuna 200, don allon ba zai nuna su ba. A wannan matakin ma'adanar katin, wato VRAM, kada ta gaza 8GB, in dai PSU ɗinka zai ɗauki katin. 12GB ta fi ba da kwanciyar hankali ga sababbin wasanni.

Sai dai suna da lamba suna ruɗar mutane, kuma a nan ne masu ƙaramin ƙarfi suka fi cutuwa. RTX 3060 na 2021 mai 12GB ne, daga baya aka fitar da mai 8GB da suna ɗaya amma bai kai shi gudu ba. GT 1030 ma iri biyu ne, mai ma'adanar DDR4 ya yi ƙasa sosai da mai ma'adanar GDDR5. RX 6500 XT layi huɗu kacal yake amfani da su a gurbin PCIe, saboda haka a tsohon madabod, wato babban faifan da ake jona duk kayan kwamfuta a kai, mai PCIe 3.0 ƙarfinsa zubewa yake yi. Katunan Arc kuwa sai da Resizable BAR a kunne suke sakin jiki, wato wani saiti na madabod da ke barin firosesa ya kai ga dukkan ma'adanar katin, kuma yana buƙatar firosesan Intel na ƙarni na 10 zuwa sama, ko Ryzen 3000 zuwa sama. Kuma sabo ba lallai ya fi tsoho ba: wanda ke da GTX 1060 mai 6GB na 2016 ya sayi GTX 1650 na 2019, baya ya koma. RX 6600 ne zai ba shi kusan ninki biyu. Ni a ganina, canjin da ba za ka gan shi da idonka ba tun a wasan farko bai cancanci kuɗinka ba, ka ƙara haƙuri ka tara. Hanyar gane bambancin ita ce ka kalli gwajin katunan biyu a wasannin da kai kake bugawa.

Na hannu yana rage tsada ƙwarai, amma kada ka biya sai ka ga yana aiki. A kunna wasa na minti 20, ka buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka tabbatar sunan da ke kan kwali shi ne na ciki. Kasa kunne ga fankokin, ka kula ko zafi na haura digiri 85, ko ɗigo-ɗigo da layuka masu launi na fitowa a allo. Mai sayarwar da ya ƙi gwaji, bar masa kayansa.

Ranar sakawa, ka fara goge tsohon direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, da manhajar DDU, musamman in daga Nvidia za ka koma AMD ko akasin haka. A ƙarshen gurbin akwai ɗan maƙalli na roba, danna shi kafin ka ja tsohon katin, in ba haka ba kana iya fizgo gurbin gaba ɗaya. Tura sabon har ka ji ya ce ƙas, ɗaure notinsa, soka wayar wuta. Wayar allo kuma a jikin katin za ka soka ta, a ramukan da ke ƙasa-ƙasa, ba a na madabod da ke sama kusa da na USB ba.