Yaronki Yana Karatu a Gida a Amurka? Ga Inda Muke Asarar Gurbin Jami'a da Kuɗin Tallafi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da 'ya'yana a gida a nan Amurka. Biyu sun shiga jami'a, auta tana aji 10. Mun cire su daga makarantar gwamnati ne don su samu lokacin hadda, kamar yadda wasu 'yan uwanmu da ke nan suke yi, kuma ban yi nadama ba. Abin da ya ishe ni shi ne kiran wayar da ke shigo mini a watan Disamba: "Yaya, yaron nan fa ya gama, yanzu me za mu tura wa jami'o'i?" A Disamba, lokacin da 'ya'yan mutane har sun fara karɓar amsa! Bana sau uku aka yi mini wannan kiran, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ranar da kika cire yaro daga makaranta, aikin ofishin makarantar gaba ɗaya ya dawo kanki. Ke za ki ajiye maki, ke za ki tuna ranar jarrabawa, ke za ki rubuta wasiƙar da shugaban makaranta zai rubuta. Yawancinmu mun iya koyarwar, aikin ofishin ne ke kayar da mu.

Bari in fara da wanda ya fi ƙona mini rai, don har yau idan na tuna sai in ji abinci ya fita a kaina. Babban ɗana ya gama littattafan sakandare yana da shekara 16. Murna ta ɗebe ni, na buga masa takardar kammalawa, na sa kwanan wata, muka yi walima aka ci masa da miyar taushe. Babansu ya ce maimakon yaro ya zauna yana danna waya, gara ya shiga kwalejin shekara biyu da ke kusa da mu, tunda tana da araha. Ya yi zango biyu, ya tara kiredit 27 (ma'aunin darussan da aka kammala) da sakamako mai kyau. Da muka nemi jami'ar da yake so, muna ta lissafin tallafin da take ba sababbin shiga masu irin makinsa na jarrabawar neman shiga jami'a ta SAT, dala 9,000 duk shekara har shekara huɗu. Sai matar ofishin ta ce mini cikin sanyin murya ai ɗana ba sabon shiga ba ne, ɗan taransifa ne, domin ya yi karatun kwaleji bayan ranar da ni da hannuna na rubuta cewa ya gama sakandare. Tallafin 'yan taransifa kuwa dala 2,000 ne, na shekara biyu kacal. Ku yi lissafin da kanku, ni na daina yi.

Abin takaicin, da ban yi gaggawar rubuta ranar nan ba, da ya shiga kwalejin a matsayin ɗan sakandare mai ɗaukar darussan kwaleji. Aji ɗaya, malami ɗaya, kiredit ɗaya, amma sunansa sabon shiga. A wasu jihohin ma gwamnati ke ɗaukar nauyin irin wannan karatun: Minesota tana da shirin PSEO, Washinton tana da Running Start, Ohayo tana da College Credit Plus, kuma 'yan karatun gida suna iya nema. Yaron ya ce, "Umma, ki canza kwanan watan mana, ai ke kika rubuta." Na ce a'a. Kwalejin ta riga ta yi masa rajista a matsayin wanda ya gama, kuma ko ba haka ba, ba zan gina karatunsa a kan ƙarya ba. Bakin alƙalami ya bushe.

Tun daga nan na yi wa kaina doka: ba na rubuta ranar kammalawa sai watan Mayun shekarar da yaro zai shiga jami'a, ko da ya cinye duk littattafan gidan. Wasu iyayen suna ganin na cika tsoro, su suka sani. Jami'o'i sun bambanta a wannan ƙa'idar. Wasu sai yaro ya kai wani adadin kiredit kafin su ɗauke shi ɗan taransifa, amma Jami'ar Kalifoniya, alal misali, zango ɗaya na cikin shekarar karatu bayan kammala sakandare ya isa ya mayar da shi ɗan taransifa. Masu tura yara gida ko Masar su yi shekara guda kafin jami'a, ku ma wannan ta shafe ku. Idan wajen malamin hadda zai je, wannan daban, amma idan za a yi masa rajista a wata jami'a a can, ku rubuta wa jami'ar nan ku tambaya, ku ajiye amsar a rubuce. Maganar waya ba ta zama shaida. Ku kuma sani cewa makin da yaro ya samu a kwaleji yana binsa duk inda ya je, don haka kada a jefa ɗan shekara 15 ajin da ya fi ƙarfinsa don a burge maƙwabta.

Na biyu shi ne takardar sakamako, kuma a nan zan yi faɗa. Haba 'yan uwa! Shekara huɗu kina koyar da yaro, ba ki da ko littafi ɗaya da kika rubuta abin da aka karanta, sai a aji 12 ki zauna kina tambayarsa, "Wai a wace shekara muka yi kimiyyar halittu?" Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata ƙanwata a nan ta kwana uku tana tono kwalaye a gareji tana neman sunan littafin lissafin aji 9, ashe ta bayar da shi tun tuni. Takardar nan shafi ɗaya ce: darussan aji 9 zuwa 12, kiredit na kowanne, makinsa, da GPA, wato matsakaicin makin duka darussan, a ma'aunin 4.0. Kiredit ɗaya kusan awa 120 ne na karatu, wato darasin shekara guda. Galibin jami'o'i suna son ganin Ingilishi shekara huɗu, lissafi uku ko huɗu, kimiyya uku har da gwaje-gwaje, tarihi da zamantakewa uku, da harshen waje aƙalla biyu. Ni ina da wata takarda daban mai bayanin kowane darasi a layi huɗu ko biyar: littafin da aka yi amfani da shi, abin da aka karanta, yadda aka ba da maki. Duk ƙarshen zango nake cikewa, ranar da na gama wankin hutu, kafin in manta.

Kuma don Allah ku daina ɓoye Larabci da Alƙur'ani kamar abin kunya. Yaro ya yi shekaru yana nahawu da sarfu, kin bar gurbin harshen waje a wofi kina neman inda zai koyi Sifaniyanci a wata shida. Larabci harshen waje ne, a rubuta shi da kiredit ɗinsa. Haddar izu sittin kuwa, ɗiyata a kanta ta rubuta maƙalarta ta fom ɗin Common App na neman jami'o'i da yawa a lokaci guda, wadda ba ta wuce kalma 650, ta bayyana yadda ake tashi da asuba ana tilawa shekara da shekaru.

Sai dai fa kada ki cika takarda da A tun daga sama har ƙasa ki zaci an gama. Mai karantawa ya san uwa ce ta ba da makin. Yana son shaidar wani na waje: SAT ko ACT, jarrabawar AP (ta darussan matakin kwaleji da ake yi a sakandare), darasin kwaleji, wasiƙar malamin da ba ɗan uwanku ba. Na san jami'o'i da yawa sun ce jarrabawa ba dole ba ce, amma jami'ar MIT ta dawo da ita a 2022, Harvard da Yale da Brown da Dartmouth suka sanar da haka a 2024. Ko a inda ba dole ba, ni yarana sai sun rubuta, don ɗan karatun gida ba shi da wata makaranta da sunanta zai tsaya masa.

Jarrabawar PSAT (share fagen SAT) ta watan Oktoba na aji 11 ita ce ƙofar gasar tallafin karatu ta National Merit, kuma ta aji 11 ɗin ce ake lissafawa. Kyautar gasar kanta dala 2,500 ce, amma akwai jami'o'i irin ta Alabama da ke ba waɗanda suka kai zagayen ƙarshe tallafi mai tsoka. Ba a rubuta PSAT a gida, sai kin nemi wata sakandare ta ba yaron kujera, kuma ba a nema a Satumba. Haka jarrabawar AP: a Mayu ake yi, amma makarantu suna yin odar takardun tun Nuwamba.

Yanzu maganar kuɗi. Fom ɗin FAFSA na neman tallafin gwamnatin tarayya kyauta ne, a al'ada ranar 1 ga Oktoba ake buɗe shi, duk da a 2023 sai ƙarshen Disamba ya fito. Mutanenmu kashi biyu ne a kansa: masu cewa "mu ba za a ba mu ba" da masu tsoron gwamnati ta ga aljihunsu. Ku cika. Tallafin Pell, wanda ba a mayarwa, ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, kuma jihohi da jami'o'i da yawa da fom ɗin suke raba nasu kuɗin, wani ma wanda ya riga zuwa shi ke samu. Galibi sharaɗin shi ne yaro ya zama ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin. Iyayen da ba su da lambar Social Security ma suna iya buɗe asusu su cika nasu ɓangaren. A wajen tambayar sakandare akwai zaɓin karatun gida, shi za ki danna. Ba sai yaro ya rubuta GED, jarrabawar da ke madadin takardar sakandare, ba kafin ya samu tallafin tarayya, muddin kun bi dokar jiharku.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne shekarar harajin da ake dubawa: ta shekara biyu baya. Wanda zai shiga jami'a a 2027, kuɗin da iyayensa suka samu a 2025 za a duba, wato daga Janairun aji 10 zuwa Disambar aji 11. Idan maigida zai sayar da hannun jari ko ya ciro kuɗin fanshonsa don gini a gida, ya san da wannan tukuna. Dukiya kuwa ta ranar da aka cika fom ake rubutawa. Kuɗin da ke asusun yaro kashi 20 cikin 100 ake lissafawa, na iyaye bai wuce kashi 5.64 ba. Na san wata uwar adashe da take tara zubin mata a asusun ɗanta don kada ya cakuɗe da na cefane, ranar cika fom kuɗin mutum goma sha biyu suna zaune da sunan yaro. Gidan da kuke ciki FAFSA ba ya tambaya, amma gidan haya ko filin da kuka saya a Kano ko Damagaram dukiya ce, a ƙiyasta shi da dala a rubuta. Fom na biyu, CSS Profile, wanda manyan jami'o'i masu zaman kansu ke nema, shi har gidan zaman yana tambaya.

Daga 2024 an daina rage wa iyaye kaso don suna da yara biyu a jami'a lokaci guda, kuma fom ɗin bai san da kuɗin da muke tura wa iyaye da dangi duk wata ba. Ofishin tallafi na jami'a yana da ikon sake duba lamarinku idan kun rubuta da hujja: rasit na asibiti, takardar sallama daga aiki, shaidar turawa. Na rubuta sau biyu, sau ɗaya aka ƙara mana.

Idan takardar tallafi ta zo, ki ɗauki biro ki soke duk abin da yake bashi kafin ki yi guɗa. Suna haɗa shi cikin jimla kamar kyauta. Ɗan shekarar farko ana ba shi bashin tarayya har dala 5,500, a ciki dala 3,500 ne kawai ke iya zama wanda gwamnati ke ɗauke kuɗin ruwansa yana makaranta. Mu a gidanmu ba ma taɓa bashin ruwa, don haka jerin jami'o'inmu daga aljihu yake farawa. Kowace jami'a mai karɓar tallafin tarayya tana da ma'aunin ƙiyasta abin da za ku biya a shafinta, doka ce. Ku gwada tun yaro yana aji 10, kuma kada farashin da ke rubuce ya kore ku daga manya: MIT ta yafe kuɗin makaranta ga iyalan da ke samun ƙasa da dala 200,000 daga 2025.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Neman Early Decision, wato neman gurbi da wuri bisa sharaɗin in an ɗauke shi can zai je, alkawari ne mai ɗaure yaro, ba ya barin ku kwatanta tallafi, ni ba na yi. A Common App ke ce mai ba da shawara ta makaranta, ki buɗe naki asusun da imel ɗinki daban tun Agusta. Dokar jiha ba ɗaya ba ce: Tekzas ba ta neman rahoto, Niyok tana neman tsarin karatu da rahoto sau huɗu a shekara, kuma wasiƙar shugaban ilimi na gundumarku tana da amfani sosai a jami'o'in jihar. Tallafin jiha irin Bright Futures na Filorida da HOPE na Jojiya suna da sharuɗɗa na musamman ga 'yan karatun gida, a karanta su tun aji 9. Mai son wasa a jami'a, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA tana neman darussa 16 da bayanansu. Ranar 1 ga Mayu ce ranar ba da amsa a yawancin jami'o'i.

Ita auta, fayil ɗinta yana kan firij da shafukan aji 9 a cike, gurbin ranar kammalawa kuma babu komai. Na riga na kira sakandaren unguwarmu kan kujerar PSAT, matar ta ce na yi sammako, in sake kira a Mayu. Na rubuta a kalanda, na kuma sa babansu ya rubuta a tasa wayar.