Darasi na 9: Zama da Mai Shanyewar Ɓarin Jiki Bayan An Sallamo Shi

Shanyewar ɓarin jiki daga ƙwaƙwalwa take farawa. Jijiyar jini ce ke toshewa ko ta fashe a cikin kai, sai wani sashe na ƙwaƙwalwa ya rasa jini. In abin ya taɓa hagun ƙwaƙwalwa, hannu da ƙafar dama ne ke mutuwa, sau da yawa har da magana. Hawan jini ne kan gaba wajen jawo ta, sai ciwon suga da shan taba. Ba a ɗaukarta, don haka babu dalilin ware masa kwano.

Ranar da aka sallamo shi, aiki ya dawo hannun mutanen gida. In ba ya iya juyawa da kansa, a riƙa juya shi duk bayan awa 2, don kada baya da kwankwaso su yi gyambo. A sa matashi ƙarƙashin hannun da ya shanye. Kada a ja wannan hannu wajen tayar da shi, kafaɗar na iya gocewa. Wajen cin abinci a zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan. Kunu mai kauri da fate sun fi ruwa zalla sauƙin haɗiya. In yana ƙwarewa, a gaya wa likita. Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙule ma gishiri ne.

Ga inda yawancinmu ke kuskure: tausayi ya yi yawa. A sa masa riga, a ba shi a baki, a amsa masa gaisuwa tun bai buɗe baki ba. Hannun da aka hutar kullum ba ya koyon komai. Dubi sa riga. A ɗora masa ita kan cinya, ɗansa ya ce, "Baba, fara da wannan hannun." Sai Baban ya kama hannun da ya shanye da mai lafiyar, ya zura shi, sannan ya sa kai, sannan ɗaya hannun. Wajen cirewa, mai lafiyar ke fara fita. Zai ɗauki lokaci, wataƙila ma ya yi fushi. A bar shi ya gama. Sanda kuma a hannu mai lafiya ake riƙe ta. An fi samun ci gaba a wata 3 zuwa 6 na farko, shi ya sa bai kamata a yi wasa da ranar zuwa gashi, wato motsa gaɓɓan da ake yi masa a asibiti, ba. A Kano akwai sashen gashi a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala. Abin da masu gashin suka koya masa, a maimaita shi a gida kullum.

Salla ba ta gagara. Hadisin Imrana ɗan Husaini ya nuna wanda ya kasa tsayuwa ya yi a zaune, in ya kasa ya yi a kwance. In alwala ta yi wuya, a taimaka masa ko ya yi taimama.

Makon farko gida cike yake da 'yan dubiya, daga nan sai ƙafa ta ɗauke, matar gida ko 'ya guda ta rage da jinya dare da rana. To, a nan ake bukatar maƙwabta. Wani ya karɓe ta da yamma ta ɗan runtsa. Mai Keke Napep ya ɗauki nauyin kai shi asibiti. 'Yan majalisa su dawo da tabarmarsu ƙofar gidansa, ko sau ɗaya a mako, a yi hirar kasuwa da shi. Mutumin da bakinsa ya karye ba hankalinsa ne ya gushe ba, kada a yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan. In ya cika kuka ko ya daina kula kowa, wannan ma a faɗa wa likita.

Maganin hawan jini ba a dainawa don an ji sauƙi. In baki ya sake karkacewa, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, a tafi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

Aiki: Rubuta sunayen mutum 3 a unguwarku da za su iya karɓar mai kula da mara lafiyan, da ranar da kowanne zai zo.