Darasi na 9: Ciwon Gaɓar Babban Yatsan Ƙafa

A duk takun da mutum ya yi, babban yatsa ne na ƙarshe da ke barin ƙasa. Shi ke lanƙwashewa ya tura jiki gaba. Gaɓar da ke gindinsa ƙarama ce, amma nauyin da take ɗauka ba kaɗan ba ne. Ɗan dako a Kantin Kwari, da ɗan ga-ruwa mai tura kura, da uwargida da ke wuni a tsugune tana wanki, duk ita suke mora.

A bakin kowane ƙashi a cikin gaɓa akwai guringuntsi mai santsi, wanda ke hana ƙashi gogar ɗan'uwansa. Idan ya cinye, sai gaɓar ta riƙa ciwo tana sagewa. Wannan shi ne amosanin gaɓa, wanda jama'a kan kira sanyin ƙashi. A babban yatsa ya fi bayyana tsakanin shekara 30 da 60. Tsohon tuntuɓe ko targaɗe kan jawo shi, wani kuma gadon ƙirar ƙafa ne. A hankali yake zuwa. Yatsan ya ƙi ɗagowa sama, tsuguno ya yi wuya, sujada ta zama aiki. Daga baya wani ƙullutun ƙashi kan fito a saman gaɓar, takalmi ya riƙa gogarsa. Sai mutum ya koma taka gefen ƙafa, har gwiwa da ƙugu su ma su fara ƙorafi.

Wani ciwon daban a gaɓa ɗaya

Akwai wanda likitoci ke kira gawut. Shi ba ya sallama. Mutum zai kwanta lafiya lau, cikin dare ya farka yatsa ya kumbura, ya ɗau zafi, yana sheƙi, ko mayafi ba ya so ya taɓa shi. Wani sinadari ne mai suna yurik asid ke yin yawa a jini, ya daskare a gaɓa kamar ƙananan allurai. Ya fi kama maza. Jan nama, hanta, ƙoda da sauran kayan ciki suna tayar da shi, haka lemon kwalba mai sukari, da giya, da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Wanda ya san yana da shi, ya yi hattara da naman Babbar Sallah da balangun dare, ya kuma yawaita shan ruwa, musamman a zafin Kano na watan Afrilu. Ciwon kan lafa cikin mako ɗaya ko biyu, sai a ɗauka an warke. Ba a warke ba. Zai iya dawowa, kuma yawan dawowarsa na lalata gaɓar.

Maganin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, don haka a san wanne ne kafin a fara haɗiyar ƙwaya.

Abin da za a yi a gida

A fara da takalmi, domin a nan aka fi samun sauƙi da kuɗi kaɗan. Silifas mai laushi yana sa yatsa lanƙwashewa a kowane taku. A nemi mai faɗin baki, mai taurin ƙasa. Idan ka je saye a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, riƙe shi da hannu biyu ka gwada naɗe shi. In ya naɗu cikin sauƙi, ajiye musu kayansu. Mata su haƙura da mai tsini da mai dogon dunduniya, ko da ranar biki ce.

In gaɓar ta kumbura, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15, a ɗaga ƙafar kan matashi. A yi alwala zaune a kan kujera 'yar tsugunne. Wanda sujada ta gagare shi, addini ya ba shi dama: a hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito, wanda bai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune. A tambayi malami yadda ake yi. Rage ƙiba ma yana taimakawa.

Parasitamol yana rage zafi. Ibuprofen da diclofenac sun fi shi ƙarfi, amma mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda ko hawan jini, da mai juna biyu, kada su sha sai da izinin likita. Abin da ya fi ban tsoro shi ne haɗin da ake ƙullo wa mutum a leda ba suna. Sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki. Za ka ji garau, amma daɗewa ana sha yana kumbura fuska, ya hau da sukari, ya raunana ƙashi. Ciwon gaɓar nan ba karaya ba ne, saboda haka ba aikin mai ɗori ba ne. Tsaga da ƙaho kuwa ƙofa suke buɗe wa ƙwayoyin cuta.

Yaushe za a je asibiti?

A je ranar, ba gobe ba, idan kumburin ya zo da zazzaɓi, ko miki ya fito, ko yatsan ya fara baƙi. Mai ciwon sukari kada ya gasa ƙafarsa da ruwan zafi, domin zai iya ƙonewa bai ji ba. A Asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala, za a iya ɗaukar hoton ƙashi a kuma auna jini. Mai gawut da ke yawan tashi akan ɗora shi a kan allopurinol, maganin da ke rage yurik asid, kullum ake sha ko ba a jin ciwo. In amosanin gaɓa ya tsananta, akan yi tiyata a kankare ƙullutun, ko, in guringuntsi ya ƙare, a haɗe ƙasusuwan biyu. In an haɗe su, gaɓar ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba, amma yawanci ciwon yakan tafi.

Aikin aji

1. Zauna ka ɗaga babban yatsanka sama da hannu. Kwatanta dama da hagu, ka rubuta wanda ya fi ɗagowa.
2. Rubuta abinci 3 da ke tayar da gawut.
3. Maƙwabcinka ya ce, "Malam, yatsana ya kumbura, ga zazzaɓi." Me za ka ce masa?